Hular Da Helpis Ba Ta Sa Ba

A wurin ɗiban ruwa na layin masu gashin burodi a birnin Ostiya Filetus ya fara ganinta. Tana cika tulu, shi kuma ya zo ɗauraye ƙafafunsa, don bawa ne a gidan wankin tsohuwa Kasiya, wuni yake yana tattaka tufafin manya cikin tsohon fitsari.

Ta toshe hanci. "Kai, matsa can! Za ka ɓata mana ruwa."

"Warin rigar babanki ne, 'yar gata. Ni na wanke ta."

Ta yi dariya har tulun ya kusa suɓuce mata. Sunanta Wibiya, 'yar mai gidan burodi, 'yantacciya tun daga kakanni. Dariyar nan ita ta jawo wa yaron nan duk wahalar da ya sha.

Ba su da wurin zance, sai bango. Yakan karce da ƙusa a gefen wurin ruwan: "Tattabarata, yau na ga hayaƙin gidanku, na ƙoshi." Washegari sai ya tarar ta amsa da gawayi: "Maƙaryaci. Duba bayan dutse, na ajiye maka burodi, mai warina."

Bango kuwa ba ya riƙe sirri. Rufiyo mahauci, wanda ya daɗe yana kai wa gidansu Wibiya cinyar rago, shi ya ja babanta ya nuna masa rubutun. Tsohon ya tare Filetus a tsakiyar titi.

"Ƙwarya ta bi ƙwarya, yaro. Bawa yana aure ne? In ta bi ka, ita ma uwargijiyarka ta mallake ta, jikokina su tashi da farashi a wuya. Kada in sake ganin ƙafarka a layin nan!"

Abin takaici, gaskiya ya faɗa. Filetus ya daina zuwa. Wibiya ta zaci gudunta ya yi, ta rubuta da manyan baƙaƙe: "Ashe matsoraci na so." Ya gani, ya wuce da ƙunar zuci.

Mahaifiyarsa Helpis ita ma baiwa ce a gidan. Ita ta shayar da Markelus, ɗan Kasiya, kuma kowa ya san an yi mata alkawarin hular 'yanci kafin tsohuwar ta mutu. Har ta tanadi tsumman da za ta riƙa naɗe hular a ciki.

Ta dube shi wata rana yana juya abinci bai ci ba. "Yarinyar nan ce ko?"

"Bari kawai, Inna. Rufiyo za a ba."

Da ciwon Kasiya ya tsananta, aka ce Filetus ya bi Markelus gaban alƙali. Yana tsammanin kaya zai ɗauko. Sai ya ji an ɗora masa sanda a ka, an juya shi, an ce ya tafi, daga yau shi ɗa ne, ba bawa ba. Wanzami ya aske masa kai, aka kifa masa hula. Ya rugo gida kamar zai tashi sama.

"Inna! Ina taki hular?"

Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Mutum ɗaya Markelus ya yarda a saki. Ni me zan yi da ita, kaina duk furfura?"

Wayyo! Nan ya zube, ya cire hular ya tura mata. "Ki karɓa. Ni ban roƙa ba!"

"Mayar da ita kanka kafin in mare ka. Abin da aka yi gaban alƙali ba ya warwaruwa."

Da idanu jajur ya je gidan burodin. Wibiya ta ga askin, ta ga hular, ta ji yadda aka same ta, sai ta rufe fuska da hannu. "Ni na ce maka matsoraci. Ka yafe mini, zumana." Babanta ya juyo daga bakin tanda ya ce, "Macen da ta yi wa ɗanta wannan, ba zan ƙi jininta ba."

Kasiya ta rasu, Markelus ya sayar da gidan wankin, ya ce bayi duka gonarsa ta bayan duwatsu za su koma. Da ƙyar ya bar Helpis ta kai ranar biki.

Aka kawo amarya da yamma cikin mayafi ruwan wuta, ana watsa wa yara goro na ƙasar, ana waƙoƙin tsiya. Ta shafa wa dogaran ƙofa mai, aka ɗaga ta aka tsallakar da ita bakin ƙofar. Helpis tana can baya cikin masu hidima, riƙe da tulu, don baiwa ba ta zama cikin baƙi.

Filetus ya miƙa wa amaryarsa wuta da ruwa, kamar yadda al'adarsu ta tanada. Ta faɗi alkawarin da kowace amarya ke faɗa wa angonta, "Inda kake Gayus, ni ce Gaya." Sannan ta ratsa mutane, ta karɓe tulun daga hannun tsohuwar, ta durƙusa.

"Inna, ki sa mana albarka."

Amalanken gona yana jira a bakin layi, mai shanu yana ta ƙorafi. Helpis ta dafa kawunansu biyu.

"Yuno, allahiyar aure, ta zaunar da ku lafiya. Ku haifa da yawa. Na farkon, ku kawo shi gona in gani, in riƙe jaririn da ba wanda zai iya raba shi da uwarsa."