Soson Baya

Na gaji da mai ɗinkin kujerar babur ɗin nan. Duk soson da ya sa mini, kwana kaɗan sai wajen zaman fasinja ya lotsa, nawa kuwa yana nan daram. Ga uwar yara da mita, wai in muka yi doguwar tafiya ji take kamar a kan cinyar wani take zaune.

"Maigida, soso ba ya lotsawa haka kawai," in ji mai ɗinkin da na sake komawa wurinsa. "Wa kake goyawa?"

"Kakarka nake goyawa," na ce. "Sa mini mai tauri."

Duhu ya yi kafin ya gama. Na kama hanyar gida ni kaɗai, ina ta tsaki. Ina wuce fitilar ƙarshe sai bayan babur ya nutsa a hankali, injin ya soma nishi. Na duba madubi, babu kowa. Gwiwoyi biyu masu sanyi suka matse ni ta gefe, aka yi gyaran murya daidai kunnena.

"Ɗan nan, wannan ya yi mini tauri. Gobe ka mayar da na jiya."