Malam Yana Ɗaya Ajin

Ƙarfe sha biyu saura kwata na ranar Laraba wani mutum ya faɗo ofishin 'yan sanda yana haki. Rigar zuwa taro ce a jikinsa, amma baƙin man da ke ƙarƙashin faratansa ya riga ya faɗi sana'arsa.

"Ranka ya daɗe, sata aka yi a makarantar 'yata."

Sufeto bai ɗago daga fayil ɗin da yake dubawa ba. "Me aka sata?"

"Kati."

Saje ya tuntsure da dariya. "Na caca ko na waya?"

Bakaniken ya harare shi, ya yi bayani. Duk ɗalibin da ya shiga babbar sakandare ana buɗe masa kati. A jiki ake rubuta darussan da ya zaɓa, da ranar da ake koyar da kowanne da lokacinsa, da makin da ya ci, malami ya sa hannu duk ƙarshen zango. Shekara uku ana cike shi. Gobe Alhamis jami'in ma'aikatar ilimi zai zo ya duba na 'yan ajin ƙarshe. Wanda ba shi da kati ba zai zauna jarrabawar fita ba, sai dai ya maimaita aji.

"'Yata ita ce monitar ajin kimiyya," in ji shi. "Aikin jinya take so. Shekara uku ban taɓa barin ta ta yi fashi ba, ko ranar da uwarta ta haihu."

"Me ya hana shugaban makarantar kawo ƙara da kansa?"

"Cewa ya yi a rufa asiri kada sababbin iyaye su ji. Ni kuwa ƙanwarta na kai zaɓen darussa, ina bakin ƙofa na ji komai."

Sufeto ya rufe fayil. Rufin asiri kalma ce mai daraja, amma ya daɗe da lura cewa marasa gaskiya sun fi kowa saurin kiran sunanta.

"Saje, ɗauko mota."

Makarantar a cike take. Motocin iyaye da babura sun toshe harabar tun daga ƙofa har gindin bishiyar da malamai ke ajiye nasu. Sufeto ya bar tasu a titi suka shiga da ƙafa.

Ofishin Malamar Shawara ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya da kabad na ƙarfe. Tana zaune ta yi tagumi, idanunta jawur.

"Yaushe kika ga katunan na ƙarshe?"

"Ƙarfe tara da rabi. Na zari farin kati guda don in nuna wa sababbin ɗalibai, na kulle, na tafi ɗakin taro."

"Me kika yi a can?"

"Aikina. Na gaya musu darussa tara ake ɗauka. Huɗu dole ne ga kowa, biyar kuma sai ka zaɓa daidai da inda ka nufa. Na ce musu kada wanda ya bi aboki, kada wanda ya guji darasi don malaminsa yana da zafi. Wanda ya yi kuskure a makon farko, sai a shekara ta uku zai gane. Na dawo sha ɗaya da kwata, na tarar da wannan."

Sufeto ya duƙa ya duba makullin kabad ɗin. Ko ƙwarzane babu. Ya ja durowa ta sama, wayam. Ya ja ta biyu, wayam. Ta uku kuwa cike take da katuna.

"Waɗannan fa?"

"Na ajin adabi ne. Na kimiyya da na kasuwanci aka kwashe. Sittin da biyu."

"Ɓarawo mai zaɓe," in ji Saje. "Shi ma ya halarci taron zaɓen darussa."

"Ba za a iya cike sababbi ba?"

"Kafin gobe? Sa hannun shekara uku? Wasu malaman an canja musu wurin aiki, biyu sun rasu."

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Shugaba, da Mataimaki mai tsara jadawali."

"Akwai abin da ya canja bana?"

Ta yi ɗan tunani. "Shekaranjiya na karanta wa malamai takardar ma'aikata. A da ƙirga katuna kawai jami'in yake yi ya buga hatimi. Bana an ce zai jera katunan azuzuwa gefe da gefe ya gwada ranaku da lokuta."

Sufeto ya rubuta wannan, ya ja layi a ƙarƙashi.

Shugaban makaranta ya karɓe su a ofis mai sanyi, yana juyi a kujera. Mutum ne mai ƙaton agogo da ƙaramar kunya.

"Haba Sufeto, wannan ai maganar cikin gida ce. Wani bakanike ne kawai ya ɗaga hankalinku."

"Ina kake daga tara da rabi zuwa sha ɗaya da kwata?"

"Ɗakin taro. Ni na buɗe taron, ni na rufe."

Saje ya buɗe ɗan littafinsa. "Yallaɓai, iyaye uku na tambaya a hanya. Sun ce ka yi jawabin minti biyar ka fita, ba a sake ganin ka ba."

Kujerar ta daina juyi.

"Na zagaya azuzuwa ne."

"Wanne ka shiga?"

Shugaba ya hau gyara agogonsa.

"Ajin kimiyya yana wane ɓangare?" Sufeto ya tambaya.

Shugaba ya nuna gabas, ya fasa, ya nuna yamma. Daga nan ya sauke murya. "Tela ne ya zo. Muna nan ciki yana auna ni. Rigar bikin yaye ɗalibai nake ɗinkawa."

Aka kira telan a waya, ya tabbatar. Awa ɗaya da rabi suka yi, don Shugaba ya kasa tsayar da kalar gefen hannu.

"Ana auna maka rigar yaye, waɗanda za a yaye ana kwashe musu shekara uku," in ji Sufeto. "Ba kai ka ɗauka ba, na yarda. Sata ma tana bukatar mutum ya san inda durowa take."

Mataimaki shi ne wanda ɗalibai ke kira Ƙararrawa, don ba ya yafe lattin minti guda. Sun same shi yana sa wasu yara biyu tsallen kwaɗo a baranda. Ya sallame su, ya gyara gilashi, ya miƙa wa Sufeto hannu.

"Na ji abin da ya faru. Abin takaici. Na sha faɗa, mace mai yawan mantuwa ba a ba ta makulli."

"Ba ita na tambaye ka ba. Ina kake a lokacin?"

"Aji. Darasi na uku da na huɗu, ranar Laraba, ina ajin kimiyya. Jadawali ne shaidata, yana nan manne a bangonsu."

"Me kake koyarwa?"

"Tarbiyyar Ɗan Ƙasa. Ɗaya daga cikin huɗun dole." Ya ɗaga yatsa. "Ba wanda zai fita makarantar nan sai da sa hannuna."

"Ka fita waje yau?"

"Ta ina? Dubi yadda suka toshe ni." Ya nuna wata farar mota a gindin bishiya, motoci uku sun datse ta. "Mutane ba su da tarbiyya."

Ajin kimiyya yana can ƙarshen yamma. Jadawalin yana bango kamar yadda ya faɗa: Laraba, na uku da na huɗu, Tarbiyyar Ɗan Ƙasa. Wata doguwar yarinya ta miƙe daga layin gaba. Goshin ubanta ne sak.

"Ke ce monita?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Mataimaki ya shigo muku yau?"

"Ya leƙo. Ya ce yau yana ajin kasuwanci, mu karanta shafi na saba'in."

"Yau kawai?"

Ajin ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa. Yarinyar ba ta yi ba. Ta ɗauko rajistar da monitoci ke rubuta zuwan malamai ta buɗe. Duk Laraba rubutu ɗaya ne: Malam yana ajin kasuwanci.

"Ya ce mana malamai sun yi ƙaranci, an raba shi biyu, kuma 'yan kasuwanci sun fi mu rauni."

"To wa ke koya muku?"

"Mu. Kowa ya ɗauki babi ya karanto ya yi wa saura bayani. Jarrabawar dai daga waje ake kawo ta, a waje ake duba ta. Makin da ke katinmu guminmu ne."

"Ba ku taɓa tambayar 'yan kasuwanci ba?"

"Su? Ba ma shiga harkarsu. Haushinsu ma muke ji, sun ƙwace mana malami."

Sufeto ya karɓi rajistar, ya taka har ƙarshen gabas, tafiyar minti biyar. A bangon ajin kasuwanci akwai nasu jadawalin, da rubutun hannu iri ɗaya: Laraba, na uku da na huɗu, Tarbiyyar Ɗan Ƙasa. Monitansu ya kawo rajista yana gunaguni cewa 'yan kimiyya 'yan gata ne. Duk Laraba rubutu ɗaya: Malam yana ajin kimiyya.

Saje ya kama baki. "Shekara nawa?"

Sufeto ya juya shafuka baya. "Uku."

Ƙarfe biyu saura ya tara su a gindin bishiya: Mataimaki, Shugaba, Malamar Shawara, Bakanike da 'yarsa. Ya shimfiɗa rajistu biyun a kan farar motar.

"Malam, karanta mana. Kai ne mai gilashi."

Ƙararrawa ya duba dama, ya duba hagu. Ya cire gilashin ya goge.

"Rubutun yara ne. Yara ba a kafa hujja da su."

"Shi ya sa ba ka damu da sace shi ba. Kai ka tsara jadawali, ka sa kanka a aji biyu lokaci guda, ɗaya gabas ɗaya yamma. Ka ce wa waɗannan kana can, ka ce wa waɗancan kana nan. Ƙarshen zango ka sa hannu a katin kowa. Jami'i yana jera katin kimiyya da na kasuwanci gobe, zai ga mutum ɗaya ya koyar a ɗaki biyu ranar Laraba. Ajin adabi wani malami ne ke koya musu, shi ya sa ka bar nasu. Buɗe but ɗin motarka."

"Makullin but ɗin ya ɓata."

Bakanike ya matso yana naɗe hannun riga. "Ranka ya daɗe, a ba ni izini. Irin wannan motar ba ta taɓa yi mini gardama ba."

Ba a kai ga haka ba. Mataimaki ya zaro makulli daga aljihu. A ƙarƙashin safaya taya aka samu baƙar leda. Malamar Shawara ta durƙusa a ƙasa ta ƙirga da bakinta da yatsunta, sittin da biyu cif. Ta zaro guda ta miƙa wa monita. Yarinyar ta duba sunanta, ta duba makinta, ta mayar.

"Za su wuce gobe?" Bakanike ya tambaya.

"Makinsu na gaskiya ne, kuma sun cika tara," in ji Malama. "Za su zauna jarrabawa. Sa hannunsa ne zai sha tambaya, ba su ba."

Bakanike ya zauna a kan wani dutse, ya rufe fuska da tafukansa.

"Ina kake zuwa duk Laraba?" Sufeto ya tambaya.

"Akwai wata makaranta mai zaman kanta. Ina ɗan taimaka musu."

"Me ka yi niyyar yi da katunan?"

"Ƙonawa. Da ba a toshe ni ba..." Ya dubi motocin da suka datse tasa. "Na ce za a ɗora wa Malama, a yi 'yan kwanaki ana surutu, ya wuce."

"Yaran fa?"

"Ai maimaita aji ba mutuwa ba ne."

Bakanike ya zabura, Saje ya tare shi da ƙirji. "Baba, kada ka ɓata mana aiki. Mun samu mutum ɗaya, ya ishe mu."

Monita ce ta yi magana, a hankali. "Malam, babi na shida ni na koyar. Riƙon amana. Na yi ta fatan ka leƙo ka ji ko na yi daidai."

Bai dube ta ba. Wanda ya iya sa yaro tsallen kwaɗo kan minti guda ya kasa ɗaga ido ya kalli yarinyar da ya cuta shekara uku. Haka irinsu suke, ƙarfinsu duk a kan na ƙasa yake ƙarewa.

Shugaba ya gyara murya. "Sufeto, ni dai ban san komai ba."

"Na sani. Haka zan rubuta wa ma'aikata, kalma da kalma."

Saje ya ɗaura ankwa. A daidai lokacin aka tashi makaranta, ɗalibai suka ɓarke daga gabas da yamma, sababbi da iyayensu suka fito daga ɗakin taro riƙe da fararen katuna. Mataimaki ya dubi taron, ya sunkuya kusa da kunnen Sufeto.

"Don girman Allah, akwai ƙaramar ƙofa ta baya."

"A'a," in ji Sufeto, ya juya shi ya fuskanci tsakar makaranta. "Shekara uku yaran nan suna neman ka ba su gan ka ba. Yau kowane aji zai gan ka."