Kaza ta Goma

Rana ta kusa faɗuwa Umma ta ɗaga murya daga kicin: "Auta, a kora kajin nan a rufe, kar duhu ya same su a waje."

Aikin kullum ne. Auta ta zura silifa, ta ɗauki tocila da kwanon dusa, ta zaga bayan gida. Wata takwas ke nan da gama karatunta na kiwon dabbobi, aiki bai samu ba, sai ta mai da ɗan filin bayan gidansu wurin gwada abin da ta karanta. Kaji tara masu ƙwai gare ta, da jan zakara guda wanda yayanta ya laƙaba wa Kwamanda. Akurkin ma ita ta tsara shi, ɗaki guda na langa-langa mai tsawon mutum, da sandar kwana, da akwatuna uku na saka ƙwai cike da busasshiyar ciyawa. Burinta ta tara ƙwai ta ƙyanƙyashe, kafin shekara ta zagayo tara ta zama casa'in.

Kwamanda ne ya so ya ɓata mata lissafi. Wata guda da ya wuce ya tsiri cara da magariba. Sai ya tsaya a bakin akurki, ya fuskanci akwati na uku da ke can kusurwa, ya yi ta zabga cara har muryarsa ta dushe. Duk kazar da ta nufi akwatin nan sai ya bi ta da sara. Maƙwabcinsu direban babbar mota ne, da magariba yake ɗan runtsawa kafin ya kama hanya, sau biyu yana turo ƙorafi. Umma ta yanke hukunci: ko zakara ya yi shiru, ko wuƙa.

"Umma, in babu shi ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba fa."

"Sabo da kaza ba ya hana yanka. Kwana bakwai na ba ki."

Yaya kuwa dariya ya yi ta yi. "Likitan kaji, ki rubuta masa magani mana. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, bayan ya ci tsaba."

Ta rubuta masa kuwa. Ta san zakara ba ya cara sai ya cika wuyansa da iska. Ta yanko ƙyalle mai faɗin yatsa biyu, ta ɗinka masa maɓalli, ta ɗaura wa Kwamanda a gindin wuya, daidai yadda zai ci ya sha ya numfasa, amma iskar cara ba za ta taru ba. Dabarar ta ci. Kwana uku gida tsit, har Yaya ya ce zai kawo mata abokan aikinsa masu surutu a gwada musu.

Sai dai ƙwai ya ragu. A da bakwai take kwasa, jiya biyu ta samu. Ta ce zafi ne. Ta ƙara musu ruwa.

Yau da ta zago, ba kaza ko ɗaya a fili. Duk sun shige da kansu. Ba kyarkyara, ba tone-tone. Kwamanda kaɗai ke tsaye a bakin ƙofa, gashin wuyansa a miƙe. Ya ɗaga kai, ya wangale baki, jikinsa duka ya girgiza, amma abin da ya fito bai wuce 'yar shaƙuwa ba. Ya sake. Ya kuma sakewa.

"Matsa, malam," ta ce, ta ture shi da ƙafa. Ya cafki bakin zaninta ya ja baya. Ta fizge ta shiga.

Warin kashin kaji ta sani, ta saba da shi. Wannan daban ne. Warin tsohuwar rijiya, damshi da ruɓaɓɓen ganye. Langa-langar da ta wuni a rana ya kamata a ce tana huci, amma sanyi ne ya daki ƙafafunta.

Ta kunna tocila. Kajin sun cure a ƙarshen sanda, kusa da ƙofa, wata kan wata. Ta ƙirga su da baki kamar kullum. Ɗaya, biyu, uku, har tara.

Ta juya za ta fita, hasken ya gifta ta kusurwa.

Akwai kaza a akwati na uku.

Ta mai da tocila kan sanda ta sake ƙirgawa. Tara. Ta dawo da ita kusurwa. Baƙar kaza ce, babba, ta baje fukafukai kamar mai kwanci. Auta ba ta da baƙar kaza.

Ta maƙwabta ce ta tsallako, in ji zuciyarta. Kaza mai neman kwanci ba inda ba ta shiga. Ƙila ma ita ke hana nata sakewa, kuma ƙwan da take nema duk suna ƙarƙashinta. Wannan bayanin ya yi mata daɗi. Ta ajiye kwanon dusa, ta tsuguna, ta yi abin da ta yi sau ɗari: ta zura hannun dama a ƙarƙashin kazar don ta laluba ƙwai.

Cikin kaza mai kwanci zafi gare shi kamar an ɗora hannu a goshin mai zazzaɓi. Nan kuwa kamar ta tsoma hannu a randa.

Ba ƙwai. Ba ciyawa. Ba ma katakon akwatin. Hannunta ya yi ta nutsewa har gwiwar hannu.

Kazar ba ta sare ta ba. Ta dai juyo da kai a hankali, ta dube ta. Sai ta ƙifta ido.

Auta ta daina numfashi. Tun shekararta ta farko a makaranta ta san kaza da fatar ƙasa take rufe ido, daga ƙasa zuwa sama. Wannan daga sama fatar ta sauko. Irin na mutum.

Ta ja hannu. Wani abu ya riƙe. Yatsu ne, sirara, masu sanyi, suka zagaye wuyan hannunta ɗaya bayan ɗaya.

Ta buɗe baki za ta nemi tsari, harshenta ya yi nauyi kamar dutse. Daga nesa tana jin ƙarar cokali a tukunya, da rediyon Yaya. Taku ashirin ne kawai tsakaninsu.

Bakin kazar bai motsa ba, amma raɗa ta fito. Da muryar Auta.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Kajin kan sanda suka ƙara curewa.

"Bakwai. Takwas. Tara."

Idon ya tsaya a kanta.

"Goma."

Aka ja. Kafaɗarta ta bugi bakin akwati. Tocila ta faɗi, ta gangara, hasken ya koma bango.

Fukafukai suka bugi fuskarta. Kwamanda ne. Ya dira a cinyarta, ƙaiminsa ya huda zani, yana ta cusa wuyansa a tafin hannunta na hagu. Tana jin maƙogwaronsa yana kumbura yana saɓewa a ƙarƙashin ƙyallen.

Ta laluba maɓalli. Ɗinkinta ne, ta yi shi da kyau, ya ƙi buɗuwa.

Aka sake ja. Kuncinta ya taɓa gashin baƙar kazar, jiƙe sharkaf.

Ta sunkuya ta kama ƙyallen da haƙori, ta fizga. Zare ya tsinke.

Carar ta tsaga akurkin. Langa-langa ta amsa. Ya yi ta biyu, ya yi ta uku, a cikin kunnenta. Yatsun suka saki. Auta ta faɗi ta baya, ta rarrafa, ta fito fili tana haki, kaji tara suna tsallake ta suna kyarkyara.

Umma ce ta fara isowa, da ludayi a hannu. Yaya ya ɗauko tocilar ya haska akwati na uku. Ciyawa ce kawai, jiƙe, da katako lafiyayye a ƙarƙashi. Ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya ga sawun yatsu a wuyan hannun ƙanwarsa, guda shida. Ya rufe.

"Tun yaushe zakaran nan yake cara a wurin nan?" Umma ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Wata guda."

"Mu kuma muka toshe masa baki."

Washegari Yaya ya ɓalle akwatin ya ƙone shi. Maganar wuƙa ba ta sake tashi ba. Umma da kanta ta je ta ba direba haƙuri, ta ce ya nemi auduga ya toshe kunne. A sati guda ƙwai ya koma bakwai, wata biyu bayan nan Auta ta ga 'yan tsakinta na farko. Sai dai har yau kajin ba sa cin tsaba a hannunta na dama, ko da yunwa suka kwana.

Kwamanda yana nan, yana cararsa duk magariba. Ya dai bar bakin akurki. Yanzu a ƙarƙashin tagar ɗakin Auta yake tsayawa.