Hannun da Ya Ƙi Ɗaga Taɓarya

Don Allah don Annabi, wanda ya gane ni kar ya faɗi sunana. In aka ji a gida ni na rubuta, kashina ya bushe.

A Ƙofar Wambai aka yi abin, lokacin korona. Ni'ima na da cikin fari, ga asma tun tana ƙarama. Ran nan ta dawo daga awo, ta zauna bakin gado tana kuka, mijinta Usama na tambayar lafiya.

"Yaya, Sista Dorcas ta ce in yi rigakafi. Wai illar allurar ɗan zazzaɓi ne da ciwon hannu, amma in cutar ta kama mai ciki irina, numfashi na iya gagara, ko ɗan ya zo bakwaini."

"Inna fa? Ta rantse allurar nan ɓarar da ciki take."

"Ni ma tsoron nake ji wallahi! In yi tsoro, in bari tsoro!"

Usama ya miƙe. "Na san yadda kike in asmar ta tashi. Sa hijabinki, mu ce mata kasuwa za mu."

Washegari Inna, uwar Usama, ta miƙo mata taɓarya, wai daka na sa haihuwa ta zo da sauƙi. Ni'ima ta ɗaga – hannu ya ƙi! Inna ta yaye mayafin, sai ga damtse a kumbure.

"La'ilaha illallahu! Jikan nawa kuka kai aka tsira wa allura? Usama, ko ka sake ta ko in tsine maka!"

Ya durƙusa yana hawaye. "Inna ki yi min rai, ni na kai ta."

Bai sake ta ba, amma a ranar aka mai da ta gidansu, wai goyon ciki, alhali lokaci bai yi ba. Inna ta hana shi zuwa, sai dai ya tsaya bakin lungu ya aika wa matarsa lemo. In ɗan cikin ya motsa Ni'ima ta ce alhamdulillahi, in ya yi shiru ko ruwa ba ta iya sha.

Ta haifi mace. Inna ta zo fuska a murtuke, ta kwance zanen jaririyar, ta dudduba yatsu, kunnuwa, har tafin ƙafa, ba ta ga wani aibu ba. Ba ta ba kowa haƙuri ba. Cewa kawai ta yi, "In kin yi arba'in ki dawo ɗakinki."

Ni'ima ta fashe da kuka.

To 'yan'uwa, haƙuri ne ya mai da ta ɗakinta. Mai ciki ta tambayi masu asibiti, ba 'yan wai-wai ba, iyaye kuma don Allah ku riƙa – wayyo, ga takun wani nan, bari in ɓoye wayar –