Farin da Ya Ƙi Goguwa

Tas! Marin ya sauka a kuncin Auta kafin ma ta san an shigo ɗakin.

"Kashe ta za ki yi?! Kashe mana 'ya za ki yi, muguwa?!"

Yayar mijinta ce. Ko sallama ba ta yi ba, balle cire takalmi. Ta tarar da Auta durƙushe a bakin gado, ta naɗe yatsa da farin hankici tana dirzar harshen jaririyarta 'yar wata biyu. Hankicin ya riga ya tashi daga fari. Yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dishe, sai buɗe baki kawai take yi, yawu haɗe da jini yana bin haɓarta.

"Yaya... ke fa kika ce in goge..."

"Na ce ki goge, na ce ki feɗe ta? Matsa min nan!"

Kwana goma sha ɗaya ke nan da wani farin abu ya fito a bakin yarinyar. Ya fara daga harshe, kamar madarar da ta kwanta, sannan ya bi cikin kumatu har dasashi. Tun daga nan in ta kama nono sai ta saki da ihu. Shekaranjiya Yaya ta zo, ta leƙa bakin sau ɗaya, ta yanke hukunci: ƙazanta ce, uwar ba ta goge wa 'yarta baki. Yaya kuwa irin matan nan ce da tun da aka haife su ba su taɓa cewa "ban sani ba" ba.

Tun ranar Auta ba ta zauna ba. Ta tafasa duk abin da ke tafasuwa a gidan, ta wanke zannuwan gado har sau biyu, sabulu ya ci mata hannu. Yau da hantsi ta buɗe bakin, ta ga farin yana nan daram, har ya ƙaru. Shi ne ta runtse ido ta yi ta maza.

Akwai kuma abin da ba ta faɗa wa kowa ba. Kan nononta ya yi jawur ya tsattsage, duk lokacin da yarinyar ta kama sai ta ji kamar ana caka mata allura mai zafi har cikin baya. Ta ɗauka haka uwa take, ita ce raguwa. Jiya azabar ta kai mata ko'ina, hannunta ya ture yarinyar kafin kanta ya yi tunani. Kan katifa ta faɗa, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma tun lokacin Auta take kallon hannun nan kamar ba nata ba.

Yaya ta sunkuci jaririyar ta nufi ƙofa.

"Ina za ki kai ta?! Yaya, sakar min 'yata!"

Auta ta yi kukan kura ta cafki mayafinta. Ƙyaat! Mayafi ya rabe biyu. Yaya ta juyo ta maka mata gwiwar hannu a ƙirji, daidai wurin ciwon. Wani ihu Auta ta saki, ta yi baya taga-taga ta bugi tebur. Filas ɗin ruwan zafi ya faɗo ya tarwatse, tafasasshen ruwa ya wanke mata ƙafa. Ko ta kansa ba ta bi ba. Ta sake yin kan Yaya, faratanta suka sauka a wuyanta.

"Wayyo! Jama'a ku zo, ta haukace!"

Maƙwabta suka cika taga, masu ba da haƙuri da baki, ba mai shigowa. Can ƙarshen layi, ƙarar injin yankan ƙarfe ta tsaya cak. Shagon Dogo ke nan, mijin Auta, mai walda.

Ya faɗo ɗakin da gilashin walda a goshi, yana haki. Mutumin da shekara biyu da aurensu bai taɓa ɗaga wa Auta murya ba. Mutumin da ya ƙera wa 'yarsa gadon ƙarfe da hannunsa, ya kwashe kwana uku yana goge kusurwoyi don kada su yanke ta. Idonsa bai ga fasasshen filas ba, bai ga ƙafar matarsa ba. Jinin da ke haɓar 'yarsa kawai ya gani.

"Wa ya yi mata wannan?"

"Tambayi matarka!" in ji Yaya. "Da ban shigo ba, da gawa za ka tarar!"

Ya juyo. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Auta... ke ce?"

Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta ga hankicin yana nan naɗe a yatsanta, da jinin 'yarta a jiki. Nan take duk ƙarfin da ta yi faɗa da shi ya zare.

"Ni ce."

"Me kika ce?!"

"Ni ce, Abbanta. Ni na sa mata ciwon da ƙazantata, ni na fasa mata baki."

Hannunsa ya tashi sama. Auta ta rufe ido, ta miƙa fuska, don a ranta ta yarda ta cancanta. Daram! Ƙofar ƙarfe ce ta sha naushin. Ya ƙara mata, ya sake ƙara mata, har ta lotsa, fatar bayan hannunsa ta ɗaye. Jaririya ta razana ta ƙwalla ƙara da 'yar guntuwar muryar da ta rage mata.

"Ka ji da kunnenka," Yaya ta ce tana jijjiga yarinyar. "Ni zan tafi da ita. Madarar gwangwani ba ta ƙare a duniya ba. Ita kuma ta haɗa kayanta ta koma gidansu a koya mata tsafta."

Auta ta zame ƙasa, cikin ruwa da fasassun kwalabe.

"Ku tafi da ita..."

Ita kanta Yaya ba ta zaci za a ba ta da sauƙi haka ba.

"Ku tafi da ita, na ce! Ni ba uwa ba ce. In ta zauna a hannuna wata rana zan kashe ta. Yaya ta fi ni iyawa... ku tafi kawai."

Wannan magana ita ta fi jinin gigita Dogo. Ya san matarsa. Matar da ko wanka za ta shiga sai ta bar ƙofa a buɗe don ta ji motsin 'yarta, yau ita ce take cewa a tafi da ita?

"Ba inda za a kai ta sai asibiti," ya ce. Ya fizge jaririyar daga hannun yayarsa. "Ke kuma tashi!"

"Ni kake fizge wa yarinya a kan wannan..."

"Yaya, wallahi yau kada ki gwada ni!"

Suka shiga tasi, Yaya ma ta biyo su. Auta ta maƙure a jikin ƙofa, ta cusa hannuwanta biyu tsakanin cinyoyinta. Yarinyar tana ta kuka a ƙirjin ubanta, tana lalube da baki a rigarsa mai warin ƙarfe. Nono ya zubo ya jiƙa gaban rigar Auta, amma ba ta miƙa hannu ba.

Nas ɗin da suka samu wata dattijuwa ce, gajeriya, da tabarau a kan hanci. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya: mai hannu yana jini, mai ƙafa ta tashi, mai yaƙushi a wuya.

"Ikon Allah. Daga fagen yaƙi kuke? To, wane ne majinyacin a cikinku?"

"Yarinyar ce, Sista," in ji Dogo.

Ta kwantar da ita, ta haska bakin da 'yar tocila, ta danna haɓar a hankali.

"Wa ya dirje mata harshe?"

"Uwarta!" Yaya ta yi caraf. "Ƙazanta ta bari ta taru, sannan..."

"Baiwar Allah, ke ce uwar?"

"Ni yayar ubanta ce. 'Ya'ya biyar na raina."

"Masha Allah. Ni kuma shekara ashirin da shida ina leƙa bakin jarirai. Ga benci can a waje, a taimaka."

Yaya ta fita tana ƙunƙuni. Sista ta juyo kan Auta, muryarta ta sauka.

"Ƙanwata, wa ya ce miki ƙazanta ce? Wannan wata irin funfuna ce. Ƙwayarta tana jikin kowa, har ni har ke, sai dai jariri jikinsa bai yi ƙwarin da zai danne ta ba. Ko 'yar likita ce tana yi. Madara in ta kwanta a harshe, da an shafa take fita. Wannan kuwa ba ta goguwa, in an matsa sai jini. Kin ga ciwon da kika ji mata? Kwana biyu ya warke. Amma kada a ƙara."

Auta ta girgiza kai, hawaye na zuba. Ba ta yarda ba. Gani take ana lallashinta ne kawai.

Sista ta kalli jiƙaƙƙiyar rigarta, ta kalli yadda take takure ƙirji.

"Zo nan bayan labule. Buɗe in gani."

Ta buɗe. Sista ta ja numfashi ta haƙoranta.

"Maigida! Zo ka gani da idonka."

Dogo ya leƙo. Idonsa ya sauka a kan nonon. Jawur, sai sheƙi yake, ya tsage ta ko'ina, wani wurin rigar ciki ta manne da busasshen jini.

"Ciwon ɗaya ne," in ji Sista. "Daga bakinta zuwa nan, daga nan zuwa bakinta. Kwana nawa kina haka?"

"Goma sha ɗaya."

"Kuma kina shayarwa?"

"Eh."

"Sau nawa a rana?"

"Duk sanda ta nema..."

"Auta!" Muryar Dogo ta karye. "Ina kwana kusa da ke, ba ki faɗa min ba?"

"Ba ku san komai ba!" Ta fashe da wani irin kuka mai cin rai. "Sista, ba ki san me na yi ba! Jiya... jiya da ta kama, na ture ta! Da hannuna na ture 'yata ta faɗi kan katifa! Wace irin uwa ce za ta yi haka?!"

Ta jira a tsine mata. Sista ta gyara zaman tabarau kawai.

"To. Da kika ture ta, sai kika yi me?"

"Na'am?"

"Sai kika yi me, na ce."

"Sai... sai na ɗauke ta na ba ta ɗayan."

"Shi ɗayan lafiyarsa lau?"

"Ya ma fi ciwo."

Sista ta ɗago ta dubi Dogo. Shi kuwa ya juya wa matan baya, kafaɗunsa suna rawa. Ƙato guda, yana kuka kamar yaro. Ɗazu-ɗazun nan ya ɗaga wa wannan matar hannu, kuma ba zai taɓa yafe wa kansa ba.

Aka wanke ƙafa aka naɗe, aka ɗaure hannu. Sista ta rubuta magani tana bayani: na ɗigawa a bakin yarinya sau huɗu a rana, bayan ta sha nono; na shafawa ga uwa, lokaci guda, in ba haka ba za su yi ta miƙa wa juna. Ko farin ya ɓace a cinye kwanakin da aka rubuta. A riƙa sauya rigar ciki in ta jiƙe, a wanke hannu. Shayarwa kuma kada a fasa.

"Zafin zai fara sauka nan da kwana biyu zuwa uku. Ku je, Allah ya sawwaƙe. Kuma a daina dambe a kan jaririya."

Suna fitowa Yaya ta miƙe daga benci, ta miƙo hannu.

"Kawo ta nan. Ai da bakinta ta ce a tafi da ita, kowa ya ji."

Dogo bai ko kalle ta ba. Ya durƙusa a gaban matarsa, a tsakiyar barandar asibiti, mutane na wucewa suna kallo.

"Autata... rabin raina. Na yi miki laifin da ban san ta inda zan fara ba. Ki hukunta ni yadda kika so, amma yarinyar nan yunwa take ji, kuma ba ta san kowa ba sai ke."

Jaririyar ta juyo da kai jin ƙanshin uwarta, ta buɗe ɗan bakinta mai fari-fari tana nema. Hannuwan Auta suna bayanta. Tsoro take ji. Ta san zafin da ke jiranta, ta kuma san abin da hannunta ya yi jiya.

"In na sake ture ta fa?"

"Ina nan. Ni zan tare ta, ke kuma ki sake ɗauka."

"Kai dai ka cika shashanci," in ji Yaya. "Ba ni ita, na ce!"

Auta ta ɗago. Kuncinta har yanzu da shatin yatsu, idanunta sun kumbura. Ta dubi Yaya ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.

"Yaya, na janye maganata."

Ta zauna a kan bencin, ta ja mayafi ta rufe kafaɗa, ta fito da hannuwanta biyu.

"Abbanta, ba ni 'yata."

Ya miƙa mata. Yarinyar ta kama da ƙarfinta, zafin ya ratsa Auta har tafin ƙafa. Ta cije leɓe, hawaye suka ɓalle, yatsun ƙafarta suka lanƙwashe. Dogo ya kai hannu zai tare.

"Bar ta," ta ce da kyar, tana ƙara rungume ta. "Na riƙe ta."