Sa Hannun Marigayi

Ranar da Inna ta je kashe inshorar motar maigidanta, sai ta tarar an riga ta.

Wata biyar da rasuwarsa ta kasa zuwa. Motar na nan a rumfa inda aka ajiye ta, kujerar direba a ja baya daidai tsawon ƙafarsa, ba ta yarda kowa ya matsar ba. Kullum da safe sai ta goge gilashin, ta leƙa ciki, ta koma ɗaki. Babbar 'yarta, wadda ake ce wa Malama don koyarwa take yi, ita ta yi ta mita: mota ba ta fita, amma duk wata dubu tara na narkewa a banza. Wannan lissafin ne ya tashe ta. Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba ta kwana da kuɗinta a hannun wani, ba ta kuma kwana da na wani a hannunta.

Ranar Litinin ce, Malama ta raka ta. Ofishin a hawa na biyu yake, kujerun roba a jere, fanka na juyi a gajiye. Akawun wata yarinya ce mai tabarau. Inna ta zauna ta yi mata lissafi a yatsu: shekara guda ya biya, dubu ɗari da takwas, wata bakwai sun tafi, saura biyar. A cire ladan ofis a ba ta sauran.

Yarinyar ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, ta ɗago.

"Mama, ai an daɗe da kashe wannan. An mayar da kuɗin wata goma, an cire dubu shida na ofis."

"Tamanin da huɗu ke nan," in ji Inna. "An mayar wa wa?"

Yarinyar ta ce su dokarsu, ta hanyar da kuɗi ya shigo ta nan yake komawa. Ta hannun dillali ya zo, to asusun dillalin aka mayar, shi zai miƙa wa mai mota. An kawo wasiƙar neman kashewa tare da asalin takardar inshorar. Da ta faɗi ranar, Malama ta ƙirga, ta dubi uwarta. Kwana huɗu kafin rasuwar ne, lokacin yana asibiti, ko ruwa sai an ɗiga masa.

Inna ta ce a nuna mata wasiƙar. Aka ce fayil ɗin yana ma'ajiya, sai manaja ya ba da izini, su dawo ranar Alhamis.

A matattakala ta tsaya ta riƙe ƙarfe. Malama ta zaci gwiwa ce. Sai uwar ta juyo ta tambaye ta ko ita ce ta kai wasiƙar, tunda ita ke ta son a sayar da motar. Malama ta ce da ita ce, ai ba za ta jawo ta nan da ƙafarta ba. Inna ta ce haka ne, kuma Malama ko canjin cefane ba ta iya ɓoyewa.

Dillalin, Mai Jaka ake kiransa. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin bene, kusa da masu hoton takardu. Shekara goma sha ɗaya shi ke yi wa marigayin inshora. Ya tashi ya ba Inna kujerarsa, ya yi doguwar addu'a, ya aika a kawo ruwan sanyi. Da ya ji abin da ya kawo su sai ya dafe kai.

"Hajiya, na ɗauka kin sani. Auta ne ya kawo min takarda a cike, ya ce kuɗin magani ake nema. Da kuɗin ya fito, a hannunsa na sa."

"Ka san Auta da ido?"

"Haba Hajiya. Tsawon babansa, tafiyar babansa."

"A ina ka ba shi?"

"A nan, kan teburin nan. Rasit ɗin yana cikin fayil."

Inna ba ta sha ruwan ba.

Auta shi ne ƙaramin ɗanta, walda yake yi a wani gari mai nisa. Shi ya yi jinyar uban mako uku, shi ya riƙe makullin motar, shi ya yi ta sayen magani da kuɗin da ba wanda ya san inda ya samo. Bayan an binne da mako guda suka yi cacar baki da Malama kan sayar da motar, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Tun daga nan sai waya jefi-jefi. Har yanzu in Inna ta zuba abinci sai ta tarar ta raba da kasonsa.

Kafin su isa gida Malama ta riga ta kira shi. Inna ta ce ta bari, ba ta bari ba. Abin da ya ce bai da yawa. Ya ce in haka suka ɗauke shi, to su ɗauka mutum biyu suka binne. Ya kashe wayar.

Kuɗin kuma sai ya koma ƙarami a idon Inna. Abin da take son sani shi ne ko tana da ɗa.

Washegari ta je garejin bakanike ita kaɗai. A makon da aka kai wasiƙar, motar a wurinsa take ana gyaran birki, takardun kuma a cikinta suke. Ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu a wando.

"Takardu, Inna? Ni da ko takardar haihuwata ban san inda take ba."

Ta ce ba wasa ta zo yi ba, wa ya buɗe motar a makon nan. Ya yi tunani. Ya ce mutum biyu. Auta ya zo ya ɗauki bargon babansa a kujerar baya. Mai Jaka kuma ya zo ya ce ofis na son hoton lambar mota da na mita, ya karɓi makulli ya shiga, bai fi minti biyar ba. Ta tambaye shi ko ya ga wani ya fita da takarda. Ya ce shi kansa na ƙarƙashin mota, ƙafafu kawai yake gani.

Tana shirin tafiya ta hango injin walda a lungu, an rufe shi da buhu, an ɗaure igiyarsa da jan ƙyalle. Ƙyallen ta gane, daga tsohon zanenta aka yage shi.

Bakanike ya sosa ƙeya. Ya ce Auta ya roƙe shi kada ya faɗa. Injin nasa ne, da shi ya zo a mota, ya sayar masa dubu saba'in a ranar da likita ya rubuta allurar nan mai tsada. Yanzu a can ƙwadago yake yi a shagon wani.

Inna ta daɗe tana kallon injin. Sannan ta tuna wa bakanike cewa akwai dubu uku canjin birki da bai mayar ba. Ya ce wallahi ya ɗauka an manta. Ta ce wanda ya ba shi ne ya rasu, ba ita ba.

To, kuɗin magani an san inda ya fito. Amma hakan bai wanke yaron ba, don wanda ya sayar da injinsa bai ishe shi ba, zai iya miƙa hannu wani wurin. Kwana biyun da suka rage Inna ta yi su a rumfa, kan tabarma, jingine da tayar baya. Wani abu take gani a ranta wanda ba ta iya faɗa wa kowa.

Ranar Alhamis ta sa Malama ta kira Mai Jaka, ta ce ya zo ya taya su karɓar shaida don a rufe maganar a cikin gida. Ya zo da fara'arsa. Manaja ya shigar da su ofishinsa, akawu ta kawo fayil mai kauri ta buɗe. Ta ciro wasiƙar ta ajiye a gaban Inna.

Inna ta dubi ƙasan takardar. Ta juya bayanta. Ta sake dubawa. Ta sa yatsa kan wani zane mai lanƙwasa.

"Wannan mene ne?"

"Sa hannun Baba ne," in ji Malama.

Manaja ya ce su ba sa mayar da kuɗi sai sun gwada. Ya baza takardun shekara goma sha ɗaya a kan tebur, ya jera su da wasiƙar. Ya ce ta duba da kanta, ko ɗigo bai bambanta ba.

Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juya ga Mai Jaka.

"Waɗannan na baya, a gabanka ya yi su?"

"Duk shekara, Hajiya. A kan teburina."

"Da biro?"

"Da nasa ma, wanda yake maƙalawa a aljihu."

Inna ta gyara zama. Shekara arba'in da ɗaya tana riƙe da maganar nan, ko 'ya'yan da ta haifa ba su sani ba. Ta kwance bakin mayafinta, ta ciro takardu biyu a ninke, ta gida da ta banki. Ta shimfiɗa su. A ƙasan kowacce babu zane, sai shuɗin tambarin babban yatsa.

"Malam bai iya rubutu ba," ta ce. "Biron nan ko tawada babu a ciki."

Malama ta tuno ubanta. Uban da kullum yake miƙo mata takarda ya ce karanta min, tabarauna na mota. Uban da yake duba littafinta na makaranta yana gyaɗa kai.

Inna ta yi bayani a hankali, kamar mai raba gado. Ta ce duk ranar da ya je banki, da shuɗin yatsa yake dawowa, ita ke goge masa da lemon tsami a bayan ɗaki kafin yara su taso daga makaranta. Amma duk ranar da ya je sabunta inshora, yatsansa fes yake dawowa. Ta lura, ba ta taɓa tambaya ba, don ta san kunyarsa. Ashe ya samu mai yi masa ne, kada 'yan matan ofis su ga dattijo da hula yana dangwala yatsa. Ta ce da tambarin yatsa ta gani a wasiƙar nan, da ta san daga asibiti ta fito. Amma zane ne, kuma ya yi daidai da na shekara goma sha ɗaya. To hannun da ya yi goma sha ɗayan, shi ya yi na sha biyu. Auta kuwa lokacin da aka fara zanen nan bai gama firamare ba.

Mai Jaka ya yi dariya, ya ce tsufa da baƙin ciki sukan rikita mutum. Manaja bai yi dariya ba. Ya sa akawu ta kawo fayilolin wasu tsofaffi uku da suka shigo ta hannunsa. Sunaye daban-daban, amma wutsiyar zanen iri ɗaya, duk ta karkata hagu. Rasit ɗin da aka ce Auta ya sa wa hannu, shi ma haka. Manaja ya miƙa masa biro da farar takarda ya ce ya rubuta sunansa. Mai Jaka ya riƙe biron, bai rubuta ba.

Da ɗan sanda ya zo sai bakinsa ya buɗe. Ya ce ya je dubiya ya ga mutumin ba zai tashi ba, ya san motar ba mai tuƙa ta, ya san mata ba sa bin takarda. Ya ce aro ya yi, da niyyar mayarwa.

"Aro ana tambayar mai shi," in ji Inna. "Malam ya ba ka amanar kunyarsa, ka mayar da ita makullin aljihunsa. Wannan tsakaninku ne, ku haɗu a can. Nawa shi ne ɗana da ka sa a bakinka."

Kamfanin ya ce zai biya ta tamanin da huɗun daga aljihunsa cikin mako biyu, shi ya bi dillalinsa. Aka kawo takarda a cike. Akawu ta miƙo biro, sai ta tsaya, ta janye, ta turo ɗan akwatin tawada. Inna ta dangwala a gaban kowa.

A hanya Malama sai kuka take. Ta ce da ta sani da ta koya masa, ita da take koya wa 'ya'yan wasu. Inna ta ce shi ya sa bai bari ta sani ba. Ta ce ta share ido ta kira ƙanenta.

Sau uku yana katsewa. A na huɗu ya ɗauka. Inna ta karɓi wayar, ta tsaya a inuwar wani shago, ta faɗa masa komai, har maganar yatsan. Ta ce ta ga injinsa, kuma da kuɗin sun fito za ta fanso shi. Can ana jin ƙarar guduma a bayansa, sai aka ji ta yi nisa, ya fita waje ke nan.

"Inna, Yaya dai na san bakinta. Ke fa? Kin yarda na yi?"

Malama ta girgiza mata kai, wai ta ce a'a. Inna ba ta dube ta ba.

"Na yarda. Daga Litinin zuwa yau. Na yi ta ganinka kana ɗaga hannunsa yana barci kana dangwalawa."

Ta cire wayar daga kunne ta duba ko ta mutu, ta mayar.

"Bashin kwana huɗu ke nan kake bi na," ta ce. "Ban san da me ake biyan irin wannan ba, kuma ba na aikawa ta hannun kowa. Sai dai ka zo ka karɓa."

Ya ja numfashi. Ya ce motar safe ta riga ta tashi, sai ta jibi.

"To jibi," in ji Inna. "Kwana shida ke nan."