Tsutsar Al'amin da Kajin Malam Hamuda

A takiyyar unguwa suka haɗu, wurin da ake dafa wa jama'a abincin kyauta tun da yaƙi ya rufe kasuwannin Omdurman. Kowa ya zo da kwanonsa, shi Al'amin da buhu ya zo. Sittana tana fere kabewa ya tsaya a kanta.

"Don Allah ɓawon nan nake so."

"Na akuya ne?"

"Na tsutsa."

Ta ɗago ta dube shi. Saura kaɗan ya gama karatun injiniya jami'a ta koma sansanin soja, sai ya juya iliminsa kan kiwon tsutsa a bahon roba. Dusa yake zubawa, ya sa ɓawo don danshi, ya tura ƙarƙashin randa inda ke da sanyi da duhu. Tsutsar ta zama baƙin ƙwaro, ƙwaron ya yi ƙwai, a sake sabuwa. A duk Omdurman ita kaɗai ce harkar da ke ci gaba.

Washegari ya kawo mata tsutsa cikin gwangwani. Kajin babanta, waɗanda suka daina ganin dawa tun da mutane suka koma cin rabonsu, suka far wa gwangwanin. Ba a jima ba suka dawo da yin ƙwai, ita kuma ta fara jiran lokacin da waya za ta samu sabis, saƙonsa ya shigo ta amsa.

"Sittu, yau na ware miki masu ƙiba. Da ina da zinariya ma haka zan tsince miki."

"Aminina, bar zinariya, sojoji kwacewa suke. Ba wanda zai tare ka a shinge don tsutsa."

Da maganar aure ta kai ga babanta, Malam Hamuda tela, sai ya ajiye almakashi.

"In an tambaye ni sana'ar surukina a masallaci in ce me? Ga Mahir, mai shagon waya a Kasuwar Libiya."

"Yaba, shagon ya ƙone," in ji Sittana, da sunan da take kiran babanta.

"Ya ƙone, amma shago ne."

Duk da haka kullum da safe yakan ci ƙwansa bai tambayi asalinsa ba. Maƙwabta suna ta gudu garin Gadarif, shi kuwa amsarsa ɗaya: muddin kajinsa na ƙwai ba inda za shi.

Ranar da bam ya faɗa gidan da ke jikin nasu, aka fito da mutane a nannaɗe cikin zannuwan gado, Al'amin ya tsaya ya ji tsohon yana maimaita wannan magana. Da yamma saƙonsa ya shigo wa Sittana.

"Zafi ya kashe tsutsar duka. Kada ki jira ni. Ku tafi."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta daina ganinsa a takiyya. Mahir ya zo da albishir cewa ya samo musu kujeru a motar Gadarif, har yana tambayar ko ta fi son gefen taga. Kaji suka rame, ƙwai ya ɗauke, Malam Hamuda ya fara kwance keken ɗinkinsa.

Ana gobe tafiya ta yafa mayafi ta nufi gidan su Al'amin, don ta zage shi ido da ido. Ta gaida mahaifiyarsa, wadda shanyewar jiki ta kwantar, ba motar da za ta iya ɗaukarta. Sannan ta wuce wurin randa ta jawo baho. Dusar sai motsi take, cike fal da tsutsa.

"Waɗannan gawarwakin akwai kuzari," ta ce.

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ni nake ciyar da kajin da suka hana ku tafiya, Sittu. Kowane gwangwani na kawo, kwana na ƙara miki a ƙarƙashin bam. Ni ba zan bar Yumma, mahaifiyata, ba. Ke kuwa ba abin da ya ɗaure ki."

"Kai ka yanke min?"

"Na fi son ki auri Mahir da rai."

"To ni ban fi so ba."

A gida ta faɗa wa babanta ba za ta shiga motar ba. Ya yi faɗa, ya yi rarrashi, ya kira sunan kakanninsa da suka taho daga Kano a ƙafa. Da ya gaji ya zauna a kan akwati. Barin budurwa ita kaɗai a gari abin kunya ne, barin matar aure kuwa ba mai cewa komai.

Aka ɗaura auren bayan asuba, limamin yana sauri don ƙarar jirgi. Babu lalle, babu guɗa. Malam Hamuda ya miƙa wa angon kwandon kajin da kansa.

"Ka ciyar da su, mai tsutsa. Allah ya yi muku albarka, ya sa in dawo in same ku."

Suka tsaya har motar ta sha kwana. Al'amin, wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa don ya rasa ta bai yi nasara ba, hawaye kawai yake.

"Share fuskarka, ango," in ji Sittana, ta kama masa kwandon. "Yunwa suke ji."